Ɗinkin Zalika a Bayan Jaki

Duk Tajaye an san Zalika da tsintar ƙyalle. Ranar kasuwar Illela, idan mata suka nufi 'yan gishiri da 'yan kuka, ita sai ta ratse layin teloli, ta durƙusa gindin keke tana tattara abin da almakashi ya zubar: guntun atamfa, bakin shadda, yadin da bai kai tafin hannu ba. Telolin sun saba da ita, har wasu kan tara mata a leda. A gida take wanke su ta shanya a kan danga, ta daidaita su da almakashi, ta haɗa da allura da zare. Sai ta sa tsohon zane a tsakiya don kauri, ta yi shafi, ta kalmashe baki, ya zama bargo. Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. In an tambaye ta, sai ta ce hannunta ne ba ya son zaman banza.

Abokiyar zamanta Balaraba ce, maƙwabciyarta. Balaraba ba ta iya ɗinki ba, amma ita ke zura mata zare a allura tun da idon Zalika ya fara gajiya. Dukansu mazansu sun rasu, kuma kowace ɗa namiji guda gare ta: Alamin na Zalika, Mato na Balaraba. Bayan girbin bara waccan samarin biyu suka ɗaura kaya suka yi arewa haƙar zinariya. Alamin ne ya fara kawo maganar, ya yi ta lallashin Mato har ya yarda.

Da Zalika ta ji an ce sanyin can yana shiga ƙashi, sai ta zauna ta ɗinka wa ɗanta bargo mafi kauri da ta taɓa yi. Ta yanka shuɗiyar rigar ubansa ta jera a tsakiya, ta kewaye da atamfa kala-kala, ta kalmashe bakin da jan zare ninki biyu.

Da farko sukan kira wayar salular mai shagon unguwa, a aiko a kira iyayen. Daga baya kiran ya ragu, sannan ya yanke. Matan biyu suka sayar da akuya suka je tashar Konni suna tambayar direbobi. Suka kai sadaka wurin malamai. Duk wanda ya dawo daga arewa sai sun je masa sannu da zuwa, su zauna har a gaji da su, su taso ba labari. Zalika ta daina jin daɗin abinci. Ɗinkin ma ya koma na kashe lokaci, takan haɗa da safe ta warware da yamma.

Wata ranar kasuwa cikin damina, gero ya kai gwiwa, Balaraba ta tashi da ciwon ƙafa, sai Zalika ta tafi Illela ita kaɗai. Ta gama da teloli ke nan, ta biyo ta inuwar da matan Fulani ke sayar da nono, sai idonta ya sauka a kan wani jaki da aka ɗaure a gindin bishiyar bedi. An ninka wani abu an ɗora masa a baya don kada kaya su ci masa fata. Ya yi datti, rana ta cinye launinsa. Amma gefen da ya leƙo yana da kalmasar jan zare ninki biyu, kuma ɗinkin ya karkata hagu. Zalika bahaguwa ce, duk ɗinkinta haka yake kwantawa.

Ledar ƙyallayen ta suɓuce mata. Ba ta san lokacin da ta isa ga jakin ba. Ta fizge abin ta warware shi a ƙasa, ga shuɗiyar rigar mijinta a tsakiya.

"Na wane ne jakin nan?" ta ɗaga murya. "Jama'a, na wane ne jakin nan?"

Wata Bafulatana doguwa, mai matsakaicin shekaru, ta aje ludayi ta taso. "Nawa ne, baiwar Allah. Lafiya?"

Zalika ta cafke mata hannu. "Ina kika samu wanga bargo? Ina mai shi? Mi kuka yi mishi?"

Nan take mutane suka kewaye su. Wani ya ce kayan sata ne, wani ya ce a kira jandarma. Sauran matan nono suka miƙe suna magana da Fulatanci, kowace ta rungume ƙwaryarta. Zalika ba ta jin kowa. Hannun matar kawai ta riƙe tana girgizawa, tana maimaita tambayar, muryarta na karyewa.

Matar ba ta fizge ba. Ta dubi bargon, ta dubi Zalika, ta ce a hankali, "Ke kika ɗinka shi?"

"Da hannuna. Ga rigar ubansa nan."

"Wa sunan ɗan naki?"

Zalika ta yi turus. Ɗan fari ne, tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Amma ta ce a tsakiyar kasuwa, "Alamin."

Matar ta sunkuyar da kai. Sannan ta juya ga taron ta ce, "Ku watse, don Allah. Ba faɗa ba ne, maganar gida ce." Ta ja Zalika bayan bishiyar. "Sunana Rakiya. Ɗanki yana da rai. Yana rugarmu."

Zalika ta zube a kan saiwar bedin. "Yana da rai," ta ce. "Yana nan kusa, kuma bai zo gida ba?"

"Ya sa mu alkawari kada mu faɗa wa kowa. Na riƙe alkawarin har yau. Amma ni ma na haihu, ba zan dubi idonki in yi ƙarya ba."

"Kai ni."

"Bari in sayar da sauran nonon..."

"Zan saye duka. Zan ba ki zanen jikina. Kai ni yanzu."

Rakiya ta bar wa wata 'yar uwarta ƙwaryar, ta kwance jakin. Ta ce Zalika ta hau, Zalika ta ƙi. Ta rungume bargon a ƙirji, suka kama hanyar da ke yin yamma, wajen Alela, ta tsakanin gonaki.

A hanya Rakiya ta ba ta labari. Mijinta Gidaɗo ne ya tsinci Alamin ƙarshen rani, a bakin wani tabki da ya kusa ƙafewa, zazzaɓi ya kwantar da shi, hannunsa na dama a naɗe da tsumma yana wari. Suka ɗora shi a bayan bijimi suka kai shi gidan likita, aka yanke yatsu uku. Da ya samu sauƙi suka tambaye shi garinsu, ya ƙi faɗa. Sai daga baya ya ce Tajaye, ya kuma roƙe su da girman Allah su bar shi nan. Yanzu yana taya Gidaɗo kiwon maruƙa.

"Bargon kuwa shi ya ba ni," in ji Rakiya. "Ya ce ba shi da abin da zai saka mana da shi sai wannan. Na ce ya bar abinsa, ya ce in ya rufa da shi barci ba ya zuwa. Ki yafe ni da na ɗora wa jaki. Ban san darajarsa ba."

"Shi kaɗai ne?" Zalika ta tambaya. "Su biyu suka tafi."

"Shi kaɗai muka gani."

Zalika ta ƙara sauri, takalminta guda ya tsinke a cikin laka, ta bar shi nan. Ƙaya ta soke ta, ba ta tsaya cirewa ba. Zuciyarta na lissafa dalilai: wataƙila sun rabu a hanya, wataƙila Mato ya samu aiki a can, wataƙila ya wuce gaba. Kowane dalili ta kawo sai ta ji bai zauna ba.

La'asar ta yi sanyi suka hango bukkoki. Gidaɗo, wani dattijo siriri mai malfa, yana gyara turken maruƙa. Rakiya ta yi masa magana da Fulatanci, ya dubi Zalika, ya dubi ƙafarta mai jini, ya aje igiyar.

"Sannu da hanya, Inna," ya ce. "Ɗanki ya hango ku tun daga nesa. Ya shige bukkar can."

Zalika ta nufi bukkar. An ja asabari an rufe ƙofar. Ta kai hannu za ta ɗaga, sai ta ji muryarsa daga ciki, a dishe.

"Inna, kada ki shigo."

Ta durƙusa a bakin ƙofar. "Ni ce fa."

"Na sani. Don Allah ki koma. Ki ce ba ki gan ni ba."

"In koma in ce wa wa? In koma in ci gaba da bin tasha ina tambayar direbobi kamar mahaukaciya? In hannu ne, an gaya mini. Ko ba hannu ko ƙafa ka dawo, ni na haife ka."

"Ba hannu ba ne."

Maruƙa na kuka a turke, Rakiya ta ja yaranta can nesa.

"Ina Mato?" Zalika ta ce.

Abin da ya fito daga bukkar ba magana ba ce tukuna, kuka ne irin na babban mutum da ya daɗe yana danne shi. Da ya lafa, sai ya faɗa mata a gutsure. Ramin zinariyar ya rufta da su suna ciki. Shi yana kusa da baki, aka jawo shi, dutse ya danne masa hannu. Mato yana can ƙasa. Sun yi ta tono har suka kai gare shi, amma rai ya yi halinsa. A can aka yi masa sutura.

"Ranar ma ba ya son shiga," in ji Alamin. "Ya ce jikinsa ba daɗi. Ni na ce ya daure. Tun daga gida ni na ja shi, Inna. Na zo har Illela, na sauka daga mota, na kama hanyar gida. Da na tuna Inna Balaraba za ta fito ta tambaye ni ina ɗanta, sai ƙafata ta juya. Da wane baki zan gaya mata?"

Zalika ta dafe ƙasa da hannu biyu. Ɗanta na da rai, taku ɗaya tsakaninsu, kuma ta kasa yin murna. Balaraba take gani zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, tana jiran ta dawo daga kasuwa da ƙyallaye da labari.

Ta ɗaga asabarin ta shiga. Ya rame, gemu ya fito masa, ya ɓoye hannun a hammata. Ta kamo hannun ta duba, ta riƙe shi a cinyarta.

"Ka saurare ni," ta ce. "Balaraba kullum sai ta aje tuwon mutum biyu. Ba ta yi wa Mato addu'ar mamaci ba, ba ta yi sadaka ba, domin ba ta sani ba. Kai ka riƙe mata wannan. Mutuwa ta Allah ce, ba kai ka kashe shi ba. Amma ɓoyewar nan taka ce, kuma kullum ƙaruwa take."

"Za ta tsine mini."

"Ta yiwu. Sai ka tsaya ka ji. Ina gefenka."

Suka kwana a rugar. Da safe Gidaɗo ya nemo musu amalanken jaki, ya raka su har bakin hanya. Don godiya, Zalika ta kama hannun Rakiya ta yi ta jijjigawa.

Ba su bi ta gidansu ba. Kai tsaye suka shiga wurin Balaraba, wadda ta kwana cikin damuwar rashin dawowar ƙawarta. Da ta ga Alamin ta miƙe da ciwon ƙafar, ta yi guɗa, ta leƙa bayansa tana neman na biyu. Alamin ya durƙusa. Ya faɗa da kansa, bai bar wa uwarsa ba.

Balaraba ba ta tsine masa ba, ba ta kuma yi kururuwa ba. Ta koma ta zauna, ta tambaye shi ko an yi wa Mato wanka, ko an sallace shi, ko an fuskantar da shi gabas. Ya ce an yi duka, da shi aka yi. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Sannan ta dubi Zalika ta ce, "Ku tafi gida. Ki ba ɗanki abinci."

Aka yi zaman makoki, gari ya zo gaisuwa. Zalika ce ta riƙe girki har aka watse, Balaraba kuwa ba ta ce mata komai ba bayan amsa gaisuwa. Daga nan ta daina shigowa. In sun haɗu a rijiya sukan gaisa, kowace ta ɗauki tulunta. Zalika ba ta ga laifinta ba.

Alamin ya koyi riƙe hauya da hagu. Da aka zo noma na biyu, gonar Balaraba ya fara shiga tun da sassafe, ba tare da ya tambaye ta ba. Ta zo ta same shi a ciki, ta tsaya a bakin gona ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce masa kunyar gabas ta fi ciyawa, ya fara da can.