Kyamara a Ɗakin Mama

Shekara ashirin da biyu mai hoto ya yi yana ɗaukar fuskokin mutane, bai taɓa saita wa kowa kyamara a ɓoye ba sai wata ranar Talata, kuma a cikin gidansa.

Mahaifiyarsa ta shekara uku a wurinsa tun da ruɗewar tsufa ta kama ta. Ba ta san ranar da ake ciki ba, 'ya'yanta ma sai jefi-jefi take gane su. Matarsa ce ke jinyarta. Malama ake ce mata, don da koyarwa take yi a firamare, ta ajiye aikin saboda tsohuwar. Ita ce wanka, ita ce canjin shimfiɗa, ita ce magani a cokali sau uku a rana.

Abin ya taso ne ranar da yayarsa ta zo dubiya. Ta ɗaga hannun rigar tsohuwar, ta ga tabo baƙi a damtsenta, shatin yatsu huɗu ɓaro-ɓaro. Ba ta ce wa Malama uffan ba. Sai da ya rako ta bakin titi ta juyo.

"Kai dai hoto ka iya, ido kuwa babu. Ka ga jikin Mama?"

"Yaya, faɗuwa take yi."

"Faɗuwa mai yatsu? Kana shago tun safe har yamma, wa ya san wainar da ake toyawa? Uwa dai ba a sayen wata a kasuwa."

Mako biyu maganar tana cin sa. Sau da yawa ya buɗe baki zai tambayi matarsa, sai ya ga babu ta inda zai fara. Ƙarshe ya tuna da sabuwar kyamararsa, wadda ke haɗuwa da manhaja a waya. Duk abin da idonta ya gani yana fitowa a allon wayar, mutum ya gyara haske, ya kusanto da hoto, ya ɗauka, bai taɓa ta ba. Sauti ne kawai ba ya zuwa, kuma ba ta kamawa daga nesa.

Da safe, Malama tana kicin tana haɗa shayi, ya ɗora kyamarar a saman kabad ɗin ɗakin tsohuwar, tsakanin kwalayen magani da wata tsohuwar rediyo. Ya yi sallama kamar kullum, ya ja ƙofa, ya sauka taki shida a matakalar bene ya zauna, ya jingina da bangon da ke bayan ɗakin.

Tela, maƙwabcinsu na sama, ya zo wucewa. "Mai hoto, an koro ka ne?"

"Saƙo nake jira," ya ce, ya kife wayar a cinya.

Da ya sake ɗago ta, ga ɗakin nan ƙarami a tafin hannunsa: gado mai ƙarfe, labule rabi a buɗe, bokiti a kusurwa. Malama ta shigo da kofi. Ta durƙusa, ta hura shayin, ta kai cokali bakin tsohuwar. Cokali biyu suka wuce lafiya. A na uku tsohuwar ta kaɗe kofin, ta cafki gashin Malama ta ja har ɗankwalinta ya faɗi. Da ɗayan hannun tana yaƙushinta a wuya.

Bai taɓa sanin mahaifiyarsa tana da sauran irin wannan ƙarfin ba. Malama ba ta ƙwace ba. Ta bi hannun da kanta, tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi kamar mai lallashin jariri. Tsohuwar ta yunƙura za ta sauka daga gado, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta tafi luu za ta bugi ƙarfen gadon. Malama ta damƙe ta a damtse da dukan ƙarfinta, ta maido ta kan katifa. Daidai wurin tabon ne.

A nan ya kamata ya kashe wayar. Amma hannun ma'aikaci ba ya jin magana. Ya ɗora yatsu biyu a allo ya buɗa su don ya ga fuskar matarsa da kyau. A saman kabad, idon kyamarar ya zuro gaba da ɗan ƙaramin kukansa.

Malama ta tsaya cak. Ta waiga a hankali har ta sami inda ƙarar ta fito. Shekara goma sha shida tana auren mai hoto, ta san wannan ƙarar kamar tarinsa.

Ta gyara wa tsohuwar matashi, ta goge shayin da ya zube. Sannan ta jawo kujera ta hau, fuskarta ta cika allon wayar. Ta naɗe hannun rigarta na dama ta nuna wa kyamarar, ta naɗe na hagu. Yaƙushi ne layi-layi, sabo da tsoho, da shatin haƙora kusa da gwiwar hannu. Ta faɗi wata magana gajeriya. Bai ji ba.

Ya hau matakalar nan shida kamar mai ɗauke da buhu. Ya same ta tana wanke kofin.

"Malama, ki saurare ni."

"Hoton ya fito da kyau?"

"Ban ɗauki komai ba. Yaya ce ta..."

"Yaya ba ta kwana da ni a ɗaki ɗaya. Kai fa? Wata nawa ina saka riga mai dogon hannu cikin zafin nan, ko sau ɗaya ka tambaya?"

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In ce maka me? Uwarka tana cizo na? Na rufa mata asiri ne. Da hankalinta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba."

Ya ba ta haƙuri ranar, ya sake ba ta washegari. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Kwana biyar ta yi tana koya masa aikin: yadda ake juya tsohuwar kada bayanta ya yi gyambo, wane magani ake niƙawa, ta wane gefe ake tsayawa in an zo da cokali. Ta rubuta komai da rubutunta na allon aji, ta manna a ƙofa. Ranar Lahadi ƙanenta ya zo da mota ya ɗauke ta da akwati biyu.

Ya kira yayarsa ya faɗa mata duk abin da ya gani. Ta ce ai ita tambaya kawai ta yi. Ta zo ta yi kwana biyu, a na uku ta ce bayanta ba zai iya ba.

Shagon ya koma buɗewa daga azahar zuwa la'asar, lokacin da tsohuwar ke barci, masu zuwa suka ragu. Da sabon zangon karatu ya ji Malama ta sami aji a wata makaranta can ƙarshen gari. Ya aika mata da saƙo sau uku, ta amsa ɗaya, tana tambaya ko an sake gwada jinin Mama.

Tsohuwar ta rasu bayan wata bakwai, da hantsi, yana yanke mata farce. Malama ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata har yamma. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa, "Allah ya ji ƙanta." Ya amsa, ta sauka.