Hannun Enoch a Akushin Wansa

A ƙauyensu Enoch, can bayan Wara, Bakambare ba ya cin tuwo shi kaɗai. Mazan gida akushi ɗaya suke sa wa hannu, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci. Duk wanda ya janye hannunsa, to ko yana gaba da gidan, ko yana zargin ana zuba masa wani abu.

Likitan da ya gano masa ciwon suga a Yawuri bai san wannan ba. Ya ce ya rage tuwo sosai, a riƙa yi masa nasa abincin daban, in ba haka ba gyambon ƙafarsa ba zai warke ba, har ta kai ga yankewa. Da sauƙin faɗa!

Enoch ya koma cin wake da ganye a ɗaki, daga nan komai ya fita ransa. Mutumin da ake jiyo dariyarsa tun daga bakin ruwa ya zama sai ya wuni kwance yana kallon rufi. Ko gonarsa ba ya tambaya. Hawaye kan zubo masa, shi kansa bai san dalili ba. Da ya gaya wa wansa Mamuda cewa duniyar ta ishe shi, sai Mamuda ya ce ai shi namiji ne, ya tashi ya sha iska.

Gari kuwa ya ɗauka cewa girkin Barakatu, matar Mamuda, yake tsoro. Mata suka daina karɓar abin hannunta.

Ran nan da yamma Mamuda ya ɗauko akushin da kansa ya dire a ƙofar ɗakin, Barakatu na bayansa ido jajir, maƙwabta na leƙe.

"Enoch, mi matata tay yi maka?"

"Yaya, ba ta yi min komi ba. Likita ne yac ce..."

"Likita na zaune garin ga? In ba ka zarginta, ci, kowa shi gani."

Enoch ya dubi ƙafarsa da ke naɗe da tsumma, ya dubi Barakatu da ke wanke masa ita kullum. Abin tausayi, ba shi da sauran ƙarfin gardama, kuma ƙafar ma ya daina damuwa da ita. Ya san in ya ci yau, gobe ma sai ya ci, haka jibi. Ya wanke hannu, ya gutsuri loma babba.

Barakatu ta rangaɗa guɗa. Mamuda ya juya ga maƙwabta yana murmushi.

"Kun gani? Ya warke."