Ka Zaɓa Kamar Kai Za Ka Ɗauka

Mai shagon kwamfuta ya ga masu saye iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya zo da sikelinsa ba sai ranar. Auta ya zaro shi daga cikin buhu, sikelin nan da suke auna fata da shi a wurin aiki, ya goge farantin da gefen rigarsa, ya dire shi a kan kanta. Sannan ya nuna wata baƙar kwamfuta tafi-da-gidanka da ke jingine a cikin gilashi.

"Miƙo mini waccan, haɗe da cajarta."

"Malam, ai nauyin kowacce a rubuce yake a jikin kwali."

"Wanda ya rubuta ba shi zai rataya ta ba."

Mai shago ya miƙo yana danne dariya. Allurar sikeli ta yi gaba, ta yi baya, ta tsaya. Auta ya girgiza kai. "Wannan ai bulo ce aka yi wa fenti. Kawo wata."

Da mai shagon ya san abin da ya kawo mutumin nan, da ya rage dariyar. Auta ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har yau Auta ake ce masa, domin a gidansu ba a taɓa yi masa ƙarin girma ba. Shi da Yayansa suka gaji wurin ɗinkin jakunkunan fata daga mahaifinsu, kuma tun farko rabon aikin a fili yake: Yaya ne baki da ƙafa, Auta ne hannu. Duk shekara Yaya ke kai kaya baje koli a babban birnin bakin teku, ya dawo da oda da labarin jiragen ruwa masu girman unguwa. Auta kuwa iyakarsa tasha. Shi ke ɗaure kaya a saman mota, ya ɗaga hannu, ya koma kan keken ɗinkinsa. Jakunkunansa sun sha ganin teku, shi bai taɓa gani ba, kuma abin yana cin ransa fiye da yadda yake bari a gani.

Bana sai gwiwar Yaya ta ƙi. Ya shigo wurin aiki yana ɗingishi, ya zauna a benci ya miƙe ƙafa, ya ce zamani ya juya, manyan masu saye sun daina tsugunawa suna tona buhun samfur. A kwamfuta suke so a nuna musu kaya, kowace jaka da hotonta da awonta da launinta.

"Ni dai bana ba inda za ni," in ji Yaya. Ya zaro ambulan ɗin kuɗi ya ajiye a kan teburin yanka. "Ka je ka nemo marar nauyi, mai riƙe caji, kada kuma ka wuce abin da ke ciki. Ka zaɓa kamar kai za ka ɗauka."

Auta ya ɗago kai. Ya ajiye basillar da ke hannunsa. "Yaya, ni zan tafi ke nan?"

Yaya ya yi murmushi yana matsa gwiwa. "Wa nake da shi in ba kai ba?"

Wannan maganar ce ta kawo sikelin fata shagon kwamfuta. Bayan awo, waɗanda suka tsallake ba su fi ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Auta ya roƙi kujera 'yar tsuguno, ya ja ta jikin kanta, ya zauna ya tokare gwiwoyinsa da katako kamar yadda fasinja ke takurewa a doguwar mota. Ya ɗora ta farko a cinya ya ɗaga murfin, murfin ya bugi katako kafin ya gama buɗuwa.

"Ka ga, ta bugi kujerar gaba," ya ce.

"Wace kujera kuma, Malam?"

"Wadda za a kwantar mini a fuska tun daga tasha har bakin teku."

Mai shago ya ga wannan ba mai sayen wasa ba ne, sai ya shiga ciki ya fito da wata siririya mai sheƙi, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar faifai. Auta ya karɓa, ya shafa ta, ransa ya biya ƙwarai. Da ya ji kuɗinta sai ya mayar da ita da hannu biyu, a hankali, kamar ya ɗauki jaririn mutane. Yaya ya ce kada a wuce, shi kuwa bai taɓa tsallake maganar Yaya ba.

A ƙarshe ya tsaya a kan wata ƙarama, toka-toka, ta hannu ce, da ɗan karce a bayan murfi. Madannanta suna da tauri, daidai da yatsun da zare ya yi wa kanta. Mai shago ya rantse batirinta sabo ne. Auta bai ƙaryata shi ba, ya dai sa aka cire ta daga wuta, aka kunna mata bidiyo, ya zauna ya tasa ta a gaba. Masu saye suka yi ta shiga da fita. Mai shago ya ci abincinsa ya wanke hannu, inuwar rumfa ta juya ta koma tsallaken titi, ita kuwa tana nan da ranta. Sai a lokacin Auta ya miƙa ambulan.

"Malam, ko aure aka ba ka ai ka gama bincike," in ji mai shago.

A gida matarsa ce ta zama malamarsa. Dama Malama yake ce mata, domin koyarwa take yi a firamare, kuma ita ta san kan na'ura. Bayan la'asar sai ya jera jakunkuna a kan farin ƙyalle a tsakar gida, ya juya wannan, ya cusa wa waccan takarda don ta tsaya da ƙafarta, ita tana ɗauka da waya tana turawa cikin kwamfutar. Ta koya masa buɗewa da rufewa, ta hana shi danna madannai kamar mai huda fata. In ta shiga ɗaki sai ta jiyo shi yana bita, yana yi wa turmi bayanin yadda ake gane jima mai kyau.

"Turmin ya ce zai saya?" ta kan tambaya ta taga.

"Yana neman ragi."

Akwai wata fata da ya daɗe yana ɓoyo a ƙasan tebur, mai laushi, launin ƙasa, wadda ya ƙi yanka wa kowa. Ita ya fito da ita ya ɗinka wa kwamfutar jaka, da aljihun caja a gefe da soso a ƙasa saboda gargadar hanya. Maratayin a jikinsa ya auna shi. Auta ba dogo ba ne, saboda haka bai ci fata da yawa ba. Kafin mako ya zagayo duk layin sun ji labari. Mai wanki ya ce a zo masa da ruwan teku a kwalba ya ɗanɗana, mai gyaran babur ya fara kiransa Na-Teku. Yaya yana zaune a bencinsa yana jin komai. Har gyara masa ya yi wata rana, ya ce kada ya riga mai saye faɗin farashi.

Ana saura kwana kaɗan tafiya, Yaya ya shigo da hantsi, bayansa ga mijin babbar 'yarsa. An daɗe da bikin, amma sunan Ango ya bi shi. Dogo ne, mai fara'a, mai kamfas da turare, ya yi karatu mai zurfi bai sami aiki ba. Ya rusuna ya gaida Auta.

"Ɗauko jakar nan ya gwada," in ji Yaya.

Auta ya ɗauka nuna gwaninta za a yi. Ya sauko da ita daga ƙusa baki har kunne. Ango ya rataya, jakar ta maƙale masa a hammata.

"Kai, Baba, kun iya aiki! Kamar ba komai a ciki."

"Ta yi masa sama," in ji Yaya, idonsa a kan jakar. "Ka ƙara tsawon maratayin. Jibi da asuba motarsa za ta tashi."

Auta ya ji maganar sarai, amma ta daɗe kafin ta isa inda za ta. Wayar Ango ta yi ƙara, ya sauke jakar, ya nemi izini ya fita. Suka rage su biyu da warin gam.

"Yaya, cewa ka yi wa kake da shi in ba ni ba."

"Kuma gaskiya na faɗa. Ban ce kai za ka tafi ba."

"Kana zaune na yanka fatar nan. Kana ji mutane suna yi mini fatan sauka lafiya. Da bakinka ka koya mini yadda zan yi ciniki."

Yaya ya gyara zaman ƙafarsa. "Auta, in ka tashi daga kan keken nan, wa zai ɗinka odar mutane? Kuma su na can baki suke saye kafin kaya. Yaron nan ya yi boko, ga shi zaune ba aikin fari ba na baƙi, 'yata ce ke shan wahala. 'Yarka ce kai ma."

"To me ya hana ka gaya mini tun ranar?"

Yaya ya murza hularsa a kan gwiwa. Can ya ce, "Na san halin ɗan Adam. Da na ce ta Ango ce, ta farkon da aka miƙo maka za ka karɓo. Hotunan ma ba za ka tsaya ka yi su haka ba."

Nan ne abin ya soki Auta. Tafiyar da aka hana shi ta yi masa ciwo, amma wannan ta fi. Tun suna yara suke zaune a ɗaki ɗaya, Yaya yana kallon hannunsa, kuma bai taɓa ganin ya ɗinka wa baƙo abin da shi ba zai rataya ba. Da an ce masa ta Ango ce, da zai ɗauki sikelin, da zai zauna a shagon har inuwa ta juya. Zai ji haushi, zai haɗiye, zai yi aikin. Ashe ɗan'uwansa bai san haka ba, ko ya sani ya ga yaudarar ta fi sauƙi. An ci amanarsa, kuma a banza aka ci. Auta ya jawo jakar.

Ya farke ɗinkin maratayin. Ya yanko ragowar fatar, ya fere bakin biyun har suka kwanta a kan juna, ya shafa gam, ya bi da zare. Ɗinkin bai karkace ba, kuma hakan ma haushi ya ba shi. Yaya yana ta magana a kan baɗi, in Allah ya kai mu, in gwiwa ta warke, sai su tafi tare. Auta bai ɗaga kai ba.

Ango ya dawo ya sake ratayawa, jakar ta sauka daidai ƙugunsa. Ya zaro kwamfutar ya buɗe don ya ga hotunan kaya. Fuskarta ta yi haske, sai ga hoton Malama da 'ya'yanta uku a ƙofar gida, sun sha kwalliya, kowa ya ɗaga hannu yana dariya. Ƙaramin har ya ɗaga hannu biyu. Auta bai taɓa ganin hoton ba. Da safen nan ta karɓi kwamfutar ta ce za ta duba wani abu.

Ango ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi surukinsa, ya dubi Auta, ya fara gane abin da aka yi da sunansa. "Baba, wallahi ni ban san... Bari in cire, ba wuya."

"A'a." Auta ya rufe murfin. "Wadda ta sa ita za ta cire. Gobe ka zo ka karɓa."

Ya rataya jakar ya fito. Yanzu tana dukan cinyarsa in ya taka. Mai gyaran babur ya ɗago daga ƙarƙashin wani babur ya ƙwala masa Na-Teku, ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Ya tarar da Malama tana guga a ɗaki. A kan gado ga wani babban akwati a buɗe, na maƙwabciyarsu ne ta aro, rigunansa a ninke a ciki. Ya ajiye kwamfutar a gefen akwatin.

"Yaya ake cire hoton nan?"

"Au, har ka gani?" Ta yi dariya tana juya hannun riga. "Cewa na yi sai kana cikin mota za ka buɗe. Bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi kyau."

"To me zai sa a cire?"

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi jakar da ke reto a cinyarsa, ta ga sabon ɗinkin a tsakiyar maratayin. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zare dutsen guga daga wuta ta jingine shi.

"Wa?" ta ce.

"Ango."

Ta zauna a bakin gado, ta jawo kwamfutar kan cinyarta. 'Yan danne-danne ta yi, yaran suka ɓace, fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya fayau kamar yadda aka sayo ta. Ta rufe ta miƙa masa. Daga nan ta shiga fitar da rigunan ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan matashi, a hankali, don kada gugar ta lalace. Da akwatin ya zama fanko ta ja zif ɗin, ta tsaya da hannunta a kai.

"In mayar mata da shi yanzu," ta ce, ba ta dube shi ba, "ko mu bari sai layin ya yi shiru?"