Kamfanin Katifa da Riga Ɗari Biyu

Tela tana gyara wuyan wata riga, allura a bakinta, sai wayarta ta yi ƙara. Wani mutum ne, ya ce daga kamfanin katifa yake, suna son a ɗinka wa ma'aikatansu riga ɗari biyu, ta zo ofis ranar Litinin.

Shekara goma sha ɗaya tana ɗinki, ba ta taɓa jin sunan kamfanin ba. Mijinta da ya kawo mata zare ya ce, "Ɗari biyu? Ke da wa? Ki dai bincika, kada 'yan damfara su yi wasa da ke."

Ta duba a waya. Wani shafi ya ce zai ba ta cikakken rahoto, amma sai ta biya abin da ya kusa kuɗin sabon keken ɗinki. Ta yi tsaki, ta rufe shago, ta nufi ɗakin karatu inda yayarta take aiki.

Yayar ta gyara tabarau, ta ja mata kujera gaban kwamfuta. "Irin wannan kamfanin ba ya sayar wa jama'a hannun jari, shi ya sa ba ya baje cikinsa. Amma rajista dole ce, dubawa kuma kyauta."

Sai ga shi a shafin hukumar rajista: shekara ashirin da kafuwa, masu shi uwa da ɗanta, ga adireshi. Yayar ta jibgo mata jaridun wata uku. Tela ta yi ta lasar yatsa tana buɗawa, har ta ci karo da talla: kamfanin yana neman direbobi arba'in.

"Yaya, ai su ma sai sun sa riga!"

"To, ashe kanki ba zare kaɗai ke ciki ba."

Washegari ta tsaya daura da ƙofar kamfanin, tana kallon masu lodi. Duk wanda ya ɗaga katifa sai ta ga rigarsa a yage a hammata. Ta koma shago ta ɗinka samfuri biyu, ɗaya mai sakin hammata da ɗinki biyu-biyu, ɗaya mai aljihun takardu.

Ranar Litinin uwar mai kamfanin da kanta ta karɓe ta, dattijuwa mai kaifin ido. Tela ta miƙa mata samfuran. Ta ja hammatar rigar da ƙarfi, ba ta yage ba. Ta ɗaga ɗayar. "Wannan fa?"

"Ta direbobinku ce, ranki ya daɗe."

"Wa ya gaya miki muna ɗaukar direbobi?"

"Jarida. Shafi na goma sha huɗu, ƙarƙashin tallan maganin sauro."

Dattijuwar ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta sa aka rubuta riga ɗari biyu da arba'in.

A hanyar komawa Tela ta tsaya shagon maƙwabciyarta mai keken ɗinki biyu, ta leƙa ta ce, "Kammala wannan wandon da wuri, ƙawata. Daga gobe ni da ke ba mu da lokacin hira."