Tagar Da Na Toshe

Matata ta haihu da hantsi, ranar da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Saura wata guda da kwanaki cikin ya cika. Ina wajen akurki ina zuba wa 'yan tsaki ruwa na ji ta ƙwala mini kira: "Baban Tsaki!" Haka take kirana tun da muka yi aure, wai na fi sanin ciwon kaji a kan na mutane.

Dama mun shirya a gida za ta haihu. Ta yi ɓari sau biyu, duka a gadon asibiti, ta ce ba ta son ta sake kallon wannan silin. Ungozoma kuwa gida uku ne tsakaninmu. Na je na ɗauko ta cikin ruwa.

"Fita ka ba mu wuri," in ji ungozoma. "Nan ba ƙyanƙyasa ake yi ba."

Ban daɗe a bakin ƙofa ba na ji kuka, siriri kamar na ɗan kyanwa. Mace ce. Da aka ce in shigo, sai na ga duk jikinta bai fi tafin hannuna biyu ba.

Ungozoma ta wanke hannu ta ce, "Ku buɗe kunne. Bakwaini ce, sanyi ne abokin gabarta. Ke, ki ɗora ta a ƙirjinki, fata da fata, ku lulluɓa da zane. Ba wanka yau. Duk sa'adda ta motsa ki ba ta nono. Ruwa na ɗaukewa ku kai ta asibiti a duba ta. Kai ma ka ji ko?"

Na ce na ji. Aka zo kiranta wajen wata mai naƙuda, ta tafi.

Cikin duk maganarta, sanyin nan ne ya tsaya mini. Na taɓa tafin ƙafar yarinyar, na ji shi kamar an tsamo daga randa. Ni na san abin da sanyi ke yi wa ƙaramin abu. Akwai safiyar da na kwashe tsaki arba'in matattu, sun hau kan juna a lungu ɗaya. Shekara shida ina kiwo, ban iya komai ba kamar raya abin da bai yi ƙwari ba.

Sai na je akurki na ɗauko babban kaskon wuta da nake ɗumama tsaki da shi, na bar musu ƙaramin. Na zaɓi gawayi mai kyau, wanda ba ya hayaƙi, na hura ya yi ja, na kai ɗaki na ajiye gefen gado. Iska na shigowa ta taga, na cusa buhunan abincin kaji na toshe ta ruf. Ƙasan ƙofa ma na sa tsumma.

Matata ta yi dariya a gajiye. "To, yau mun shiga sahun kajinka."

"Ai ke ce babbar kazar gidan."

"Allah ya shirye ka. Amma ɗumin da daɗi."

Can ta ce kanta na sarawa. Na ce gajiyar haihuwa ce, ta yi barci. Na ja ƙofa na koma gyara rufin akurki da ke yoyo. Sau ɗaya na leƙa. Na ga su biyu suna barci shiru, raina ya yi fari, na ƙara gawayi.

Da la'asar ungozoma ta dawo. Tana tura ƙofa ta ja da baya, ta yi salati.

"Wa ya kawo wuta nan? Wa ya toshe taga?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fizge buhunan, ta ce in fitar da kasko. Da ƙyar matata ta buɗe ido, ta yi ta amai. Yarinyar kuwa jikinta ya saki. Ungozoma ta sa mata nono a baki, ta matsa ya ɗiga a leɓenta, ba ta kama ba.

Maƙwabcinmu mai tasi ya kai mu asibiti. Aka sa yarinyar a kwalbar jarirai, da robar iska a hanci. Nas ɗin da ta karɓe mu ta tambaye ni awa nawa suka yi a ɗakin. Na ce wajen biyar. Ta ce garwashi na fitar da wata iska da ba ta da wari, ba a ganinta, kuma jariri ya fi kowa saurin shaƙa. A hankali ta faɗa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na koma gida don in ba tsaki abinci. Su ɗari biyu ne, duk suna nan, suna ta tsalle. Na ɗaga kai na ga kafar da na bari a saman akurki, faɗin tafin hannu. Ran da na fara koyon kiwo maigidan da ya koya mini ya nuna mini irinta, ya ce in akwai wuta a ciki ba a rufe ta, ko ana ƙanƙara. Ban taɓa rufewa ba. Na sani ke nan. Amma da aka zo kan 'yata, sai na ga ko iskar da za ta ratsa kafar allura ta yi mata yawa.

Matata ta warware a kwana biyu. Tana zaune gefen kwalbar, tana tatsar nono a ɗan kofi, ana ɗura wa yarinyar ta roba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ba ta kuma sake ce mini Baban Tsaki ba. In tana son ruwa sai ta nuna jarka da hannu.

Ungozoma ta zo dubiya, ta same ni a baranda. "Ɗana, da na tsaya..." ta fara, sai ta gyara mayafinta.

Rana ta huɗu likita ya kira mu. Ya ce iskar ta taɓa ƙwaƙwalwa, numfashin yana ta raguwa, sun yi iya abin da za su yi. Nas ta buɗe kwalbar, ta ce wa matata ta kwance zane. Ta ɗora mata yarinyar a ƙirji, fata da fata, ta lulluɓe su, kamar dai yadda aka ce mana tun ranar farko.

Na tsaya a bakin labule. An jima matata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Zo ka riƙe ƙafarta."

Na sa hannu ƙarƙashin zanen. Ƙafar da ɗumi. Na riƙe ta, na daɗe, har nas ta zo ta sa abin awo a bayan yarinyar, ta saurara, ta cire shi daga kunne a hankali. Sannan na gane ɗumin na uwarta ne.