Tunkiyar Baba Mai Awaki

"Ina tunkiyar?" na tambaya, ko sallama ban yi ba.

Babban ɗan Baba Mai Awaki yana tsakar gida, waya a kunne, yana tattara igiyoyi.

"Na rarraba su, Yaya. Tumaki gidan Kawu, awaki kuma anjima a kai wa Gwaggo. Tsoho na kwance, wa zai yi wahalarsu?"

"Ɗan akuyan fa?"

"Ai ɗan akuya awaki zai bi."

Ji mini mutum! Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba, na san abin da ɗan cikinsa bai sani ba. Uwar ɗan akuyan nan wurin haihuwa ta mutu. Sauran awakin duk tunkuɗe shi suke yi, bunsurun ma har ya taɓa yin jifa da shi. Baba ne ke matse wata tunkiya tsakanin gwiwoyinsa safe da yamma, yana lallashinta har marayan ya ƙoshi.

Na leƙa ɗaki. Baba ya zama ƙashi da fata, amma kunnensa garau.

"'Yar nan, kukan yunwa nake ji. An riƙe masa ita?"

"Yanzu za a riƙe, Baba."

"Mai tsagaggen kunnen. Sauran harbi suke."

Na fita da takalmi wari da wari. Mashin ya ƙi samuwa, na taka da ƙafa, ina tafe ina masifa ni kaɗai. A gidan Kawu na faɗa cikin garke ina ɗaga kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, rago na kai mini karo. Da na same ta kuma ta turje. Wallahi ban taɓa ganin taurin kai irin na tunkiya ba. Na ja, na tura, na roƙe ta kamar mutum. Da ƙyar na janyo ta muka kamo hanya.

Tun daga bakin layi na hango takalma jibge a ƙofar gidan Baba. Sai kukan mata.

Babban ɗan nasa ya fito, idonsa jajur. "Har ƙarshe tambaya yake ko an riƙe," ya ce. "Ban gane ba, Yaya."

Na zauna a kan kujerar Baba, na matse tunkiyar tsakanin gwiwoyina. Ɗan akuyan ya taho yana tangaɗi, ya durƙusa ya kama nono, jelarsa na kaɗawa.