Kunun Bado

Yayana Wakili ne ya fara kirana Likitar Ɓeraye, sunan kuma ya bi ni har Gashua. Ni ba mai duba marasa lafiya ba ce. Ƙwaƙwalwa nake bincike a kanta, a wani ɗan ɗaki a jami'a inda nake kiwon fararen ɓeraye, ina ba su ruwan ganyaye da saiwoyi, ina duba abin da zai sami tsoronsu. Mutanen gidanmu a Nguru sun daɗe da yanke hukuncin cewa karatu ne ya yi mini yawa. Ban taɓa musa musu ba.

A wannan shekarar bado nake aiki a kansa. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan Nguru ya san shi: faffaɗan ganye kwance a kan ruwa, da farin fure da kake tararwa a buɗe da sassafe, in rana ta ɗaga ya rufe abinsa. Kakarmu takan dafa furen ta ba wanda zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ni so nake in san ko da gaskiya a ciki, in akwai, mene ne a jikin furen yake yin aikin.

Ɓera bai iya ɓoye tsoro ba, shi ya sa nake son aiki da shi. In na kaɗa masa wani ƙara na biyo shi da abin da zai firgita shi, gobe da ya ji ƙaran zai sandare wuri ɗaya kamar an dasa shi. Waɗanda na ba ruwan bado kuwa sukan ɗan tsaya, su karkaɗa kunne, su ci gaba da sunsune-sunsunensu. Ranar da na fara ganin haka na yi rawa ni kaɗai a ɗakin. Murnar ba ta daɗe ba. Ina da wani babban baho na ruwa mai ɗan dandamali a ɓoye a ciki, ɓeran da ya taɓa samunsa yakan nufe shi kai tsaye. 'Yan badon nan sai na ga wasunsu suna ta kewaya bahon a natse, ba gaggawa ba fargaba, sun manta inda tudun yake. A cikin kai, gurbin da tsoro yake kwana da gurbin da ake ajiye abin da ya wuce maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su. Na rasa gane ko furen tsoron yake cirewa, ko kuwa abin da ake tsoron yake gogewa.

Ana cikin haka Ya Wakili ya zo.

Masunci ne, ko in ce masunci ne a da. A daminar da ta wuce iska ta kifar da kwale-kwalensa yana tare da 'yarsa Zinariya, ita kaɗai Allah ya ba su shi da matarsa Zara. Shi ya fito, Zinariya kuwa sai washegari aka samu gawarta a cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana rabin ruwa. Tun daga ranar ko alwala zai yi sai hannunsa ya kama rawa. Ya daina barci, ya daina shiga ruwa, mutumin da ke cika gida da dariya ya koma yini a gindin goruba yana kallon ƙafafunsa.

Ya tsaya a gaban kejin ɓerayen ya daɗe yana kallo. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

"Meram," ya ce, "an ce kin samo maganin firgita. Ki sam mini."

"Wa ya ce? Ban samo komai ba tukuna. Wannan na ɓeraye ne, Ya Wakili, ba a gwada shi a jikin mutum ba."

"To ki ɗauka ni ma ɓera ne. Dama haka nake kwana, ido biyu."

Raina ya ɓaci, don na ga da gaske yake. Na ja shi gaban bahon, na saka masa ɓera ɗaya ya ga yadda yake shawagi bai san inda ya dosa ba. Na ce masa wannan jiya ya san hanya. Na ce ban sani ba ko haka zai yi wa mutum, wataƙila ba zai yi ba, amma ba zan ɗauki kan yayana in yi gwaji da shi ba.

Ya kalli ɓeran har na tsamo shi na goge masa jiki. Sannan ya yi wata 'yar dariya da ban so ba.

"Ai bado ba a jami'a yake tsirowa ba," ya ce. Ya sa hularsa ya tafi tasha.

Motarsa ba ta kai Jajimaji ba na kira Zara. Na zazzage mata duk abin da na gani, har da wanda ban tabbatar ba, cikin faɗa kamar ita ta yi mini laifi. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, Dakta." Zara ke nan. In ta ce to, ba ka san ko ta yarda ba ne ko ta gaji da kai.

Watanni suka shige. Labari ya riƙa zuwa mini daga gida: Wakili yana aika a tsinko masa fure kullum, Zara tana dama masa a kunu. Wakili ya fara barci. Wakili ya gyara komarsa ta kamun kifi. Wakili ya shiga ruwa. Kowa hamdala yake, har wata gwaggonmu ta kira ta ce ashe ɓerayen nan suna da rana. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Nakan zauna a gaban bahon da rana tsaka, fanka tana juyawa a hankali, in ga kamar ruwan ya faɗaɗa ya zama tafkin Nguru, ga yayana can a tsakiya yana tuƙi a natse yana kewayawa, ga wata 'yar yarinya a tsaye a kan tudu tana ɗaga masa hannu, shi kuma yana wuce ta da murmushi irin wanda ake yi wa 'yar maƙwabta.

Da ruwa ya fara ja na shiga mota na tafi Nguru.

Na isa da hantsi, warin bandar kifi ya tare ni tun daga bakin unguwa. Wakili ya fita duba tarunsa. Zara tana madafi tana dama kunun tsamiya, ga kwano cike da furen bado a gefenta. Ko zama ban yi ba na fara.

"Duk abin da na gaya miki ashe a iska ya tafi?"

Ta ɗauki kwanon, ta leƙa waje, ta juye furen gaba ɗaya a gaban awaki. Ta dawo ta tsinki ɗan ganyen shuwaka ta murje a kunun.

"Don ya ji ɗaci," ta ce. "Ko sau ɗaya ban taɓa sa masa ba, Dakta."

Na juya na dubi awakin suna cinye furen.

"Ba don maganarki kaɗai ba," ta ce, tana ci gaba da damawa. "Mu biyu muka rage da muka san yadda Zinariya take dariya in an yi mata cakulkuli. In ya manta, ni kaɗai zan riƙe ta? Ba zan iya ba."

Na zauna a kan turmi. Na ji sanyi a raina, na kuma ji kunya, don duk hanya da faɗan da zan yi mata na taho.

Washegari da sassafe Ya Wakili ya ce in zo ya kai ni in ga gonar maganina. Ya ciko, fuskarsa ta washe, hannunsa a kan sandar tuƙi ko gezau. Muka ratsa wata siririyar hanya a cikin kacalla, ganyen yana shafar mu ta kowane gefe, sai ruwan ya buɗe. Bado ne iyakar ganinka. Hazo yana kwance a kan ruwan, furannin a buɗe farare tas, har ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen yatsu suna tafiya a kan ganyen kamar a tsakar gida. Kwale-kwalen yana tafiya ba ƙara, na sa hannu a ruwa na ji shi da ɗumi. Na ɗan manta ko shekarata nawa.

Halin aiki bai bar ni ba. Na fara yi masa tambayoyi a fakaice, yadda nake gwada ɓerayena.

"Wace riga ce Zinariya take yawan so?"

"Mai ruwan ƙwai, wadda kika kawo mata. Har ta yi mata kaɗan ba ta yarda an bayar ba."

"Me take kiran tarwaɗa?"

"Mai gemu." Ya yi murmushi. "Jarrabawa kike yi mini, Likitar Ɓeraye? Tambayi duk abin da kike so. Haƙorinta na gaba da ya fita, tabon da ke gwiwarta, yadda take cin tsakiyar ƙosai ta bar gefen. Babu abin da ya ɓace."

Na ce alhamdulillahi, har cikin zuciyata.

Ya kafa sandar a laka, kwale-kwalen ya tsaya a tsakiyar furannin. Ya zauna yana fuskantata.

"Amma akwai abin da maganin nan ya ɗauke," ya ce. "Da, in na tuna ta, nan wurin kamar an soka mini wuƙa. Ina jin nauyinta a cinyata. Yanzu ina tuna komai, amma kamar labarin 'yar wani ake ba ni. Shekaranjiya na bi ta inda abin ya faru, ina cikin lissafin inda zan zuba taru, sai da na wuce na tuna. Uba yana yin haka, Meram?" Ya tsinki fure ɗaya yana juya shi. "Na gode, na yi barci. Amma ya isa. Yau zan ce wa Zara ta daina. In na daina sha, zai dawo ko?"

Ina iya cewa eh. Da ya koma gida da murna, ya yi ta jiran abin da babu wanda ya ɗauke masa. Ina iya cewa bincike bai kai nan ba, wannan ma ba ƙarya ba ce. Na dubi fuskarsa, na ga yadda ya dogara da amsata, tausayinsa ya kusa hana ni magana.

"Ya Wakili," na ce, "ba ka taɓa shan bado ba. Zara ba ta taɓa sa maka ba. Shuwaka ce."

Hazon ya fara tashi, wani masunci ya wuce can nesa kwance a kan ƙatuwar gorarsa ta su ya ɗago mana hannu, babu wanda ya amsa masa.

"Ba magani ba ne," ya ce a hankali.

"Ba magani ba ne. Lokaci ne kawai. Haka yake yi wa kowa."

"Ashe ni ne." Ya kalli tafin hannunsa. "Ni na sake ta. Sau biyu ke nan."

Na buɗe baki in gaya masa ba haka ba ne, in yi masa bayanin yadda ƙwaƙwalwa take sassauta wa mai rai don ya iya ci gaba da rayuwa. Ban samu na faɗa ba. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ya kifa kai a gwiwa, ya fashe da irin kukan da ko ranar jana'izar bai yi ba, yana kiran sunanta. Na matsa na riƙe masa hannu, ni ma ina yi.

Mun daɗe a haka, har furannin suka fara rufewa. Da ya ɗago, idanunsa jajir, ya share fuska da hannun riga.

"Kar ki gaya wa Zara na sani," ya ce. "Bari ta ci gaba da dama mini."

Ya miƙe ya zare sandar daga laka, muka juya gida.